Falasɗinu a Bakin Mutanen Arlit: Me Hausa Ta Sani Ban da Mutuwarsu?

Duk ɗalibin da ya zauna darasin aron kalmomi ya san dabarar da Hausa kan yi wa baƙin sautukan Larabci. Harafin ƙaf, wanda Balarabe ke furtawa can wajen beli, yakan koma ƙ, kamar a alƙali da alƙalami da Alƙur'ani. Harafin nan mai kauri na farkon ɗalibi da ɗahara da ɗawafi kuwa yakan koma ɗ. Da wannan dabara sunan birni mai alfarma ya zama Ƙudus, aka cusa wasali tsakanin baƙaƙensa biyu na ƙarshe domin harshen Bahaushe ya samu wurin takawa. Sunan ƙasar ma ya zama Falasɗinu, da wasali a ƙarshe irin na galibin sunayen Hausa. Ƙudus tsohon baƙo ne, ya shigo tare da karatun Isra'i da Mi'iraji a zaurukan malamai. Falasɗinu kuwa rediyo ce ta yaɗa ta.

Sunayen sun zauna, sun yi gida. Matsalar tana ga kalmomin da ke rakiyarsu. Wanda ya saurari labaran Hausa na mako guda, ya rubuta duk kalmar da ta zo kusa da Falasɗinu, abin da zai tara ba zai wuce hari, luguden wuta, baraguzai, gawarwaki, gudun hijira da tsagaita wuta ba. Ba laifin 'yan jarida ba ne. Harin da Hamas ta kai ranar 7 ga Oktoban 2023 ya kashe mutum kusan 1,200 a Isra'ila, mafi yawansu farar hula, yaƙin da ya biyo baya kuma ya ci rayuka fiye da 60,000 a Zirin Gaza zuwa ƙarshen Yulin 2025, bisa ƙididdigar ma'aikatar lafiyar yankin. Labarin da ke da irin wannan nauyi dole ya mamaye kunne. Amma sakamakonsa shi ne mai jin Hausa ya san yadda Bafalasɗine ke mutuwa, bai san yadda yake gaisuwa ba, bai san abin da uwarsa ke ba shi labari da dare ba. Goyon bayan da ya tsaya a nan tausayi ne, kuma tausayi yakan huce da zarar wani labarin ya taso.

A matakin hukuma Nijar ba ta yi ƙasa a gwiwa ba. Gwamnatin Diori Hamani ta yanke hulɗa da Isra'ila a watan Janairun 1973, watanni tara kafin yaƙin Oktoba da ya sa yawancin ƙasashen Afirka suka bi sahu. Nijar ta amince da ƙasar Falasɗinu a 1988. An maido da hulɗa da Isra'ila a 1996, gwamnatin Tandja Mamadou ta sake yanke ta a 2002. Wannan aikin ofisoshin Yamai ne. Zumunta kuwa a ƙafa take, kuma idan ana neman garin da mutanensa za su fahimci adabin Falasɗinawa ba tare da dogon sharhi ba, da wuya a samu kamar Arlit.

Arlit gari ne da aka kafa a 1969 saboda abin da ke ƙarƙashin ƙasarsa. An kafa kamfanin SOMAIR a 1968, ya fara fitar da yuraniyam a 1971. COMINAK ya biyo baya a 1974, aka gina wa ma'aikatansa Akokan. Filayen da aka haƙa wuraren kiwo ne na Abzinawa, ruwan da ake sarrafa ma'adinin da shi kuma tsohon ruwan ƙarƙashin ƙasa ne wanda damina ba ta sake cika shi. A zamanin da kasuwar yuraniyam ke ci ana yi wa garin kirari da Paris ta biyu, sunan da Idrissou Mora-Kpai ya ɗauka ya raɗa wa fim ɗinsa a kan garin. Amma tsarin garin kansa darasi ne na walwalar harshe. Unguwannin da kamfani ya gina, masu ruwa da wuta, da sunan Faransanci aka san su. Unguwannin da talakawa suka kakkafa a gefe da kwano da katako da tarkacen ma'aikata kuwa Hausa ce ta raɗa musu suna, har ana rubuta shi da haruffan Faransanci: Boukoki, wato bukkoki, jam'in bukka. Mutumin da ya tashi a nan ba ya buƙatar a fassara masa yadda suna ke nuna wanda ke da iko da wuri.

Batun suna yana tsakiyar rikicin Falasɗinu. A 1948 mutum fiye da 700,000 suka bar gidajensu, wasu an kore su, wasu sun gudu saboda tsoro, ba a bar su sun koma ba. Masanin tarihi Walid Khalidi ya tattara bayanin ƙauyuka 418 da suka zama kufai a littafinsa na 1992. A 1949 gwamnatin Ben-Gurion ta kafa kwamitin da zai raɗa wa duwatsu da ƙoramu da rijiyoyin hamadar Naƙab sunayen Ibrananci, daga baya aikin ya game ƙasar duka. Ƙauyen Birwa, inda aka haifi mawaƙi Mahmud Darwish a 1941, an rushe shi, ƙasarsa ta koma ƙarƙashin wasu matsugunai masu wasu sunaye. Akwai wani abu a nan da ya kamata ɗalibin harshe ya tsaya a kansa. Da yawa daga sunayen Ibrananci tsofaffi ne ƙwarai, babu mai musun haka. To amma wa ya adana su? Lokacin da Edward Robinson ya zagaya ƙasar a 1838 yana neman wuraren da aka ambata cikin Attaura, bakin manoman Falasɗinu ya bi, domin sunayen ƙauyukansu na Larabci sun riƙe tsofaffin sunaye na Ibrananci da Aramiyanci da Girkanci ƙarni bayan ƙarni. Ƙauyen Saffuriyya, alal misali, shi ya riƙe sunan tsohon birnin da yanzu ake kira Tsippori. Harshen da ya yi gadin sunan an kore shi, sunan ya zauna. A 2018 kuma majalisar Isra'ila ta zartar da dokar da ta sauke Larabci daga matsayin harshen hukuma zuwa abin da ta kira matsayi na musamman.

Nijar ma ta nuna ta san darajar wannan al'amari. A watan Oktoban 2024 aka cire sunan Charles de Gaulle daga wani babban titi a Yamai aka sa na Djibo Bakary.

Sai dai abin da ya fi haɗa Arlit da Falasɗinu wani ɗan ƙaramin littafi ne. Ghassan Kanafani, wanda aka haifa a Akka a 1936 aka kashe shi da bam a motarsa a Beirut a 1972, ya fitar da Rijal fi al-Shams, wato Maza a Cikin Rana, a 1963. Labarin Falasɗinawa uku ne, tsoho da saurayi da yaro, waɗanda sansanin gudun hijira ya ishe su suka nufi Kuwait neman aiki. A Basra suka yi ciniki da wani direban tankin ruwa, shi ma Bafalasɗine, ya yarda zai ɓoye su cikin tankin da babu ruwa a duk lokacin da za a wuce shingen kan iyaka, na 'yan mintoci kawai. Shingen farko suka wuce da kyar. A na biyu ma'aikatan ofis suka tsare direban da zolaya da hira maras kan gado, rana kuwa tana dukan ƙarfe. Da ya buɗe tankin sai gawarwaki. Ya kai su juji ya zubar, ya ɗebe kuɗin aljihunsu, sannan littafin ya rufe da direban yana tuhumar shirun da suka yi a cikin tankin.

Shekara hamsin daidai bayan fitowar littafin, a watan Oktoban 2013, aka tsinci gawarwaki 92 a hamadar da ke arewa da Arlit, a hanyar Aljeriya: yara 52, mata 33, maza 7. Galibinsu mutanen Kance ne ta jihar Damagaram, masu jin Hausa. Motocin da suka ɗauke su daga Arlit ne suka lalace, ƙishirwa ta ƙarasa su, gwamnati ta ayyana makokin kwana uku. Har yau ana sauke waɗanda Aljeriya ta koro a fili, kimanin kilomita 15 daga Asamaka, su tako da ƙafa. Mutumin Arlit ya san direban Kanafani. Ya san ba dodo ba ne, maƙwabci ne mai iyali wanda ya yi lissafin mintoci ya yi kuskure, ya kuma san irin cinikin da ake yi a tasha da murya ƙasa-ƙasa. Jiki magayi. Abin takaici shi ne wannan littafi an karanta shi da Ingilishi da Faransanci da wasu harsuna da dama, alhali dangin mutanen Kance, waɗanda suka fi kowa cancantar jin sa, labarinsa bai iso musu da harshensu ba.

Za a iya cewa mutanen Arlit suna da nasu ciwon da ya ishe su. Gaskiya ne. COMINAK ya rufe ranar 31 ga Maris 2021, ɗaruruwan ma'aikata suka rasa aiki, aka bar tulin sharar ma'adini kimanin tan miliyan 20 a gefen Akokan. Ƙungiyar Aghirin'man ta Almoustapha Alhacen ta shekara da shekaru tana kokawa a kan ƙura da ruwa da tarkacen ƙarfe masu guba da suka shiga kasuwa. A 2024 an karɓe lasisin Imouraren daga hannun Orano, a watan Yunin 2025 kuma gwamnati ta mayar da SOMAIR mallakar ƙasa, kuma har yanzu talaka yana jiran ya ga abin da hakan zai sauya a tukunyarsa. Wannan uzuri yana da ƙarfi a kan mai neman a tara kuɗi a aika waje. Ba shi da ƙarfi a kan mai neman a karanta littafi, musamman littafin da ke ba mutum kalmomin faɗin nasa ciwon. Haka kuma bai halatta a wuce gona da iri wajen kwatance ba. Ba a taɓa yi wa Arlit ruwan bama-bamai ba, mutanenta suna da ƙasa da tuta da takardar shaidar zama 'yan ƙasa. Mai cewa Arlit ita ce Gaza ya raina wahalar Gaza, ya kuma ɓata wa Arlit hujjarta.

Akwai ma tsohuwar alaƙa da ba a cika tunawa da ita ba. Samarin Abzinawan da fari na shekarun 1970 ya kora zuwa Aljeriya da Libiya an san su da ishumar, kalmar da Tamashek ya aro daga chômeur ta Faransanci, wato marar aikin yi, ya yi mata jam'i irin nasa. A farkon shekarun 1980 an kai wasu daga cikin waɗanda suka shiga sansanonin Gaddafi zuwa Lebanon, suka yi yaƙi tare da ƙungiyoyin Falasɗinawa. Wannan zumunci ne na bindiga da wani ya ƙulla don biyan tasa bukata, bai bar wani abin kirki a harshe ko adabi ba. Amma dabarar da ta haifi ishumar ita ce dai Falasɗinawa suka yi wa kalmar Ibrananci mahsom, shingen binciken soja, suka aro ta suka yi mata jam'in Larabci, mahasim. Harshe yakan hadiye abin da ya fi takura masu shi.

Sanin Larabcin makaranta ba ya wadatarwa wajen sanin waɗannan mutane, kamar yadda daidaitacciyar Hausa ba ta isa a ji duk zancen tsohuwar Agadas. Harafin ƙaf ɗin nan da Hausa ta mayar ƙ ya raba Falasɗinawa gida-gida. Ɗan birni a Ƙudus ko Haifa yakan mayar da shi hamza, ya ce Uds. Baƙauyen tsakiyar ƙasar yakan ce Kuds, sannan ya mayar da k ta asali zuwa c, ya kira kare calb maimakon kalb. Makiyayan kudu da mutanen Gaza da yawa kuwa g suke yi. A sansanonin Lebanon da Jordan, inda jikoki ba su taɓa ganin ƙauyen kakanninsu ba, karin harshe yakan zama shaidar asali ta ƙarshe da ta rage. A cikin wannan kari ne tsofaffin mata ke ba da hikaye, tatsuniyar daren hunturu da ake yi wa mata da yara, wadda UNESCO ta sa cikin jerin al'adun gado a 2008. Ta ƙara da surfanin tufafin mata a 2021, rawar dabka a 2023, da sabulun zaitun na Nablus a 2024. Mutumin Abzin zai gane wannan jeri, domin gogen imzad, wanda shi ma mata ke kaɗawa, ya shiga cikinsa a 2013. Ibrahim Muhawi da Sharif Kanaana sun tattara hikaye 45 a littafi guda a 1989. A 2007 ma'aikatar ilimi ta gwamnatin Hamas ta ba da umarnin a janye fassararsa ta Larabci daga makarantu saboda wasu kalmomi da ta ga ba su dace ba, sai da Falasɗinawa kansu suka yi ca aka soke umarnin. Ƙaunar al'adun mutane daban take da yi wa shugabanninsu amin a kan komai.

Ba duka Falasɗinawa ne baƙi ga Bahaushe ba. Dab da ɗaya daga ƙofofin Masallacin Aƙsa, a wasu gine-gine biyu na zamanin Mamalik da aka yi don saukar baƙi a ƙarni na 13, akwai unguwar 'yan Afirka, jikokin alhazan da suka fito daga Chadi da Sudan da Najeriya da Senegal suka zarce Ƙudus bayan Makka suka zauna. Hausawa na cikinsu. Sunayen danginsu suna ɗauke da taswirar inda suka fito. Fatima Barnawi, wadda aka haifa a Ƙudus a 1939, mahaifinta ɗan Najeriya ne, sunanta kuma yana nuni zuwa Barno. Isra'ila ta ɗaure ta a 1967 bisa dasa bam a wani gidan silima, bam ɗin bai tashi ba, ta yi shekara goma a kurkuku, ta rasu a 2022. Ko wace kalmar Hausa ce ta rage a bakin tsofaffin wannan unguwa, batu ne da ya isa kundin digiri.

Akwai kuma gyaran da ya zama wajibi a kan masu nazarin ma'ana. Hausa tana da ɗabi'ar cewa Yahudawa a inda ake nufin gwamnati ko sojojin Isra'ila, kalmar Bayahude ma ta daɗe da zama zagi a kasuwa. Wannan sakaci ne mai cutar da gaskiya. Mutumin da ya rubuta ɗaya daga fitattun littattafai a kan shafe sunayen Larabci daga taswira, Meron Benvenisti, Bayahude ne, tsohon mataimakin magajin garin Ƙudus, ɗan wani masanin taswira da ya yi hannu a aikin. Ƙungiyar Zochrot da aka kafa a Isra'ila a 2002 aikinta shi ne kai Yahudawa kufan ƙauyukan 1948 tana kafa alluna da sunayensu na asali. Haka nan ba kowane Bafalasɗine ne Musulmi ba. Edward Said Kirista ne, haka ma Shireen Abu Akleh, wakiliyar Aljazeera da aka harbe a Jenin ranar 11 ga Mayun 2022. Mai rufe waɗannan bambance-bambance yana mayar da batun ƙasa da 'yanci faɗan addini, kuma a yankin da Musulmi da Kirista ke aiki a rami ɗaya, irin wannan magana ba a Gabas ta Tsakiya take tsayawa ba.

Kundin sake gina ƙasa da Nijar ta fitar a watan Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi suka koma harsunan aiki. Harshen ƙasa yana da nauyin buɗe wa masu shi tagar duniya ba tare da sun bi ta Paris ko Landan ba, kuma a Arlit yana da nauyi na biyu, wato kada ya yi wa Tamashek abin da ake kukan an yi wa Larabci a wani wuri. Fassarar Kanafani da hikaye ya kamata ta fito da harsunan biyu, ta fito kuma da murya, tunda wayar hannu ta fi takarda isa bukkoki. Jami'ar Agadas na kusa, ta Yamai na da sashen harsuna, Kano da Sakkwato da Zariya na da malaman da suka haɗa Larabci da Hausa. Ɗaliban Gaza, waɗanda aka rushe ko aka lalata dukkan jami'o'insu, aka kashe malamansu irin su Refaat Alareer a watan Disambar 2023, ba za su samu gini daga ɗalibin Hausa ba, amma abin da suka rubuta zai iya samun masu karatu.

Aikin ba zai zo da sauƙi ba, kuma tun a kalmomin farko za a fara tuntuɓe. Nakba ana iya cewa masifa ko bala'i, sai dai kalmomin biyu suna da ƙanshin ƙaddarar da ta sauko daga sama, alhali wannan masifa tana da masu aikata ta da ranakunta. Ta fi wuya ita ce sumud, kalmar da Falasɗinawa ke siffanta manomin da ke tsinkar zaitun ɗinsa kowace kaka a gefen shinge, ko iyalin da suka sake gina ɗakin da aka rushe sau uku. Haƙuri ya yi sanyi da yawa, yana jiran sauƙi ya zo da kansa. Juriya ta ɗauki zafin amma ta bar ƙasar, ga shi kuwa sumud ba ta rabuwa da wurin da aka tsaya. Turjiya ta yi kama da ta dabbar da ake ja, tsayin daka kuma ya zama na 'yan siyasa. Mai yiwuwa kalmar da ta dace ba ta cikin ƙamus, tana bakin waɗanda suka ƙi barin Akokan bayan an rufe rami, ko a Tamashek ɗin makiyayan da har yanzu ke zagaya shingen kamfani da raƙumansu zuwa tsofaffin rijiyoyi. Gano ta na buƙatar na'urar ɗaukar murya, da ɗalibi mai jin harsunan biyu, da kuɗin motar kilomita 240 daga Agadas.